Wushiryar Mu'azu Direba

A tashar Gyadi-Gyadi, in ka ce Mu'azu sai a ce wanne, in ka ce Mai Wushirya ko ɗan kwandasta zai nuna maka motarsa. Ƙaramar bas yake ja, mutum ne mai dariya da baki buɗe. Shi ne ɗan fari a wurin Inna Kulu, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, har ya yi furfura.

Shekarar da soja suka koma bariki aka yi hayar motarsa cikin ayarin murnar rantsar da gwamna. Wata mota ta yanko masa gaba, bakinsa ya daki sitiyari, haƙoran gaba huɗu suka zube, wushirya ta bi su. Kafin a kai shi asibiti har wani mai shegen baki ya ruga gida ya ce direban ya cika. Inna ta yanke jiki ta faɗi. Daga baya ta tashi, ta yi jinyarsa da kunu har ya warke.

Ya sa haƙoran roba, suka dame shi, ya jefa su a aljihun mota. Ya daina dariya, ya ci gaba da lodi. Ba ya kuka da komai, ba ya murna da komai.

Da tsufa ya ruɗa Inna, sai hankalinta ya koma ranar hatsarin nan ya tsaya cak. Kullum da safe Mu'azu zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa kamar baƙo.

"Inna, Yaya ne fa," in ji Binta ƙanwarsa.

"Ke tafi can. Wannan yaron mai wushirya ne. Wannan kuwa giɓi gare shi."

Abin da ya kai shi wani asibitin haƙori a Tarauni ke nan, bayan ya sayar da ɗan filinsa na Darmanawa. Likitar, Dakta Adaobi, haifaffiyar Kano ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta ce za a dasa ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni ya kama, sannan a ɗora haƙora a kai, ba cirewa.

"Za su jeru reras, Malam."

"A'a, likita. Ki bar ƙofa a tsakiya."

Ya miƙa mata tsohon hotonsa na lasin. Ta duba, ta dube shi, ba ta yi gardama ba.

Wata da watanni yana tuƙi da ƙarfe a dasashi, abokan tasha suna ce masa ango, wai kwalliyar aure yake yi.

Ranar da aka gama, bai ko tsaya duba madubi ba. Ya sami Inna a tsakar gida kan tabarma, tana jan carbi. Ya durƙusa, ya buɗe baki ya yi mata murmushi. Fuskarsa ta manta yadda ake yi, sai da ya matsa wa fuskar.

Inna ta kafa masa ido. Ta miƙo hannu ta riƙe haɓarsa, ta juya fuskar wajen haske.

"Ikon Allah! Bawan Allah, wushiryarka sak irin ta Mu'azuna."

Bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai yau. Binta ta toshe baki da gefen mayafi.

"Mota ce ta kashe min shi," in ji Inna. "Allah ya jiƙansa."

Mu'azu ya jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Shiru.

"Amin, Inna," ya ce.