Gyaɗar Zoza tana ruɓewa, Yaya ba ya nan

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Malam Isa, malamin gona a Ƙaraye. Ban taɓa jin rashinsa kamar daminar bana ba.

Gonar gadonmu tana Zoza, ni nake noma ta. Daminarsa ta ƙarshe ya zo ya tarar da gyaɗa ta fara yaushi a wani kwari. Na ce masa ƙishirwa ce. Ya tuge guda ya miƙo mini. Saiwar ta yi baƙi, ina matsawa ta dame a yatsuna.

"Funfuna ce a cikin ƙasa," in ji shi. "Ba ta da haƙori. Wani ruwa take fitarwa mai narkar da danƙon da ya riƙe naman saiwa, ya ci bangon ƙwayoyinta, sannan ta tsotse. Kafin ka ga ganye ya langwaɓe, ta gama aikinta a ƙasa."

Ya ce in ƙone waɗanda suka kamu, in ɗaga kunya, in hutar da wurin da dawa. Ya ce in daina yi wa saiwa rauni da fartanya, don sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Na ce, "To, Yaya." Da ya rasu na ci gaba da zuba gyaɗa a wurin, shekara bayan shekara.

Bana ruwa ya kwanta a gonar. Cikin mako biyu ciwon ya tashi daga kwarin ya haye tudu. Na sayo maganin feshi a kasuwar Rogo na yi ta wanke ganye, alhali ɓarnar tana ƙarƙashin ƙafata. Duk wadda na tuge, wari. Kuma daga wannan gona marayunsa huɗu suke ci.

Me zai ce da ya ga wannan? Na san ba zai yi faɗa ba. Zai tsuguna ne ya tona ƙasa, kuma wannan shirun nasa ya fi mini faɗa ciwo.

Maganarsa ba ta mutu ba. Wani dattijo a Beli da ya bi ta, gyaɗarsa koriya shar, har yau yana sa masa albarka. Ni ƙaninsa ne na yi kunnen ƙashi.

Jiya na tara ruɓaɓɓun na cinna musu wuta. Baɗi dawa zan shuka, Yaya. Amma abin da zan zuba wa 'ya'yanka a rumbu bana, wallahi ban sani ba. Allah Ya jiƙanka.