'Yan Kunnen Kakata da Ba Su Yi Kama Ba

Sau uku ina rubuta wannan ina gogewa, don har yau kunya nake ji.

Shekarun baya, mahaifiyata ta ba ni 'yan kunnen zinare na kakata. Tsoron ɓata ya sa na ƙulle su a tsumma na tura ƙasan akwati, ban taɓa sawa ba. Sai ƙawata, maƙwabciyata a nan Gumel, ta zo aro za ta biki Gagarawa. Na ba ta.

Da ta dawo da su na kai bakin ƙofa na duba. Ɗaya murɗaɗɗe ne kamar igiya, ɗayan kuma da 'yan ƙwayoyi kamar gero. Raina ya ce an canza. Ban ce mata komai ba, amma gaisuwata ta koma a daƙile. Abinci ma ya daina shiga tsakanin gidajenmu.

Ranar kasuwar Maigatari na kai wa wani tsohon maƙerin zinare. Ya goga a dutse, ya jujjuya, ya ce, "Hajiya, duka zinare ne, duka sun girme ki. Wannan ƙirar Kano ce, wannan kuwa hannun Damagaram ne."

Hankalina bai kwanta ba. Na hau mota sai Sule Tankarkar wurin mahaifiyata. Ta yi dariya har da tari.

"Ke da kike ƙirga ƙwayar shinkafa, ba ki taɓa duba su ba? Haka na ba ki su. Ranar da za a kai ƙanwar kakarki Nijar gidan miji suka yi musaya, kowacce ta riƙe ɗaya na 'yar'uwarta."

Da na dawo na kasa zama. Na shiga wurin ƙawata na faɗa mata komai, na roƙi gafara. Ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"Wata biyu ashe kallon ɓarauniya kike min? Ni na ɗauka ciki ne da ke."

Ta yafe. Muna gaisawa, muna dariya, amma ko ludayi ba ta ƙara ara a wurina ba. Har yau ban san ko gara da na yi shiru ba.

Kakata ta rasu ba su sake haɗuwa da ƙanwarta ba, kuma ba mu san garin da zuriyarta take ba. Don Allah, mutanen Damagaram, ku duba akwatunan tsofaffinku. In akwai 'yan kunne biyu, ɗaya murɗaɗɗe, ɗaya mai ƙwayoyi, ku sanar da ni.