Guntun Karen da Ya Hana Mahaifiyata Cin Abinci

Ban taɓa shan wuya a gidana irin wadda na sha a kan kare ba, karen da tsayinsa bai kai gwiwata ba. Ni mai gyaran janareto ne, shagona a Gyadi-Gyadi, gidana a Tarauni, da mata da yara huɗu. A lokacin in aka ba ni abu ba na iya cewa a'a, balle in mai bayarwar babban kwastoma ne.

Wani ɗan kudu da na daɗe ina yi wa gyara ne aka mayar Legas wurin aiki. Ranar da na je kwance masa inji ya nuna min karen, gajere, mai faɗin kai da ƙirji kamar ɗan dambe. Ya ce irinsa ake kira fitbul, amma wannan ƙaramin iri ne, ba zai wuce haka ba, yana son yara, kuma gidan da zai koma a Legas ba a yarda da kare, don haka ya bar min shi. Na ce a raina ai malamai ba su hana karen gadi ba. Na sa shi a kwali na hau adaidaita.

Abin da ban tambaya ba shi ne a ina yake kwana. Ashe wannan kare bai san tsakar gida ba, a kan kujera ya tashi, a faranti yake ci. Na ɗaure shi a soro ya wuni yana kuka, har maƙwabci ya aiko a ji ko lafiya. Na kwance shi, ya wuce falo ya haye kujera. Gadi kuwa, kowa ya shigo da lasa yake tararsa. A majalisar ƙofar shago suka sa min suna Bature, wani ya ce in ɓarawo ya zo karen ne zai raka shi ya nuna masa inda talabijin take. Yara suka sa masa Guntu. Autata, 'yar shekara bakwai, ba ta gama abinci sai ta rage masa.

Matata ce ta fara jin jiki. Ya lashi buta, ya lashi kwano, ya kwanta kan sallaya. Duk abin da bakinsa ya taɓa sai ta wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ga ruwanmu na 'yan ga-ruwa ne. Kullum tana tsugunne a bakin rariya. Ni ma in zan tayar da sallah sai in tsaya ina duban ƙafar wandona, ya lasa ko bai lasa ba, ƙarshe in sake wani. In na ce zan bayar da shi auta ta ɓarke da kuka, in fasa. Haka muka yi ta yi.

Ana cikin haka aka sallamo mahaifiyata daga asibiti. Ciwon suga ne, aka ce lalle ta riƙa cin abinci a kan lokaci saboda maganin. A Daurawa take wurin ƙanena, amma matarsa ta haihu, sai na ɗauko ta. Na kulle karen a ɗakin ajiya na ja wa kowa kunne. Wata rana auta ta ji tausayinsa ta buɗe, ya faɗa ɗakin Inna ya tsoma baki a kwanon kununta a kan idonta. Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ture kwanon ta tambaya karen wa ne, aka ce nawa. Ta ce to.

Tun daga ranar duk abin da aka kai mata sai ta ce ta ƙoshi. Matata ta sayo sababbin kwanuka ta nuna mata ko takardar jikinsu ba a ɓare ba, Inna ta ce tukunyar fa, ludayin fa, randar fa? Na roƙo limaminmu ya zo ya yi mata bayani cewa in an wanke shi ke nan. Ta saurara, ta gode masa, ta ce shi malami ne, ita zuciyarta ce ba ta karɓa. Ɗan burodi da ruwan leda kawai take taɓawa, maganin kuma tana sha. Ni ina ta ce wa kaina za ta saba. A shago hankalina ba ya jikina, in ɗaure noti in kwance, in kira gida in ji ko ta ci, a ce ba ta ci ba.

Wata la'asar aka kira ni, Inna ta faɗi a ƙofar banɗaki, gumi ya jiƙa ta, ba ta gane kowa. A asibiti suka ce sugan ne ya yi ƙasa. Nas ta tambaye ni yaushe rabonta da abincin kirki, ta kalle ni sama da ƙasa. Da Inna ta farfaɗo na durƙusa gefen gado na ce me ya sa ba ta ce in fitar da shi ba. Ta ce, "Gidanka ne, ɗan nan, ni baƙuwa ce. Ina na ga bakin korar ɗan gida?"

Har yau in na tuna wannan magana abinci ba ya min daɗi. Karen ba shi da laifi, yadda aka raine shi ya yi. Ni ne na ɗauko dabbar da aka saba wa zaman wasu mutane na kawo gidan da buta da sallaya suke ƙasa. Wanda aka yi wa tayin irin wannan kare, ya fara tambayar inda yake kwana da abin da yake ci a ciki, ya dubi gidansa. Mai tsohuwa kuma kada ya jira ta faɗa, iyayenmu in suka ce "to" ba yarda suka yi ba.

Washegari da safe na ɗauki Guntu na kai wa wani mai walda, Kirista, a Ƙauyen Alu, wanda da ma yana da karnuka. Na tafi da auta don ta ga inda zai zauna, ita ta riƙe farantinsa, muka bar shi can muka dawo. Daga nan na karɓi kunun da maƙwabciyarmu ta dama a gidanta na wuce asibiti. Inna ta tambaya daga ina, na faɗa mata, ta miƙo hannu.