Guduma da Doka ta Uku

Guduma ake ce masa, ba kuwa don yana sayar da ita ba. Mai walda ne, shagonsa na bakin titin da manyan motoci ke bi, kuma duk wanda ya daɗe a layin ya sha ganin an fito da mutum daga shagon nan yana dafe da baki. Ya taɓa karya wa mai kawo masa ƙarfe haƙarƙari don awo ya gaza da ɗan yatsa. Ya taɓa ɗaga babur da mai shi a kai ya maka a kwata. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, in kuwa ya liƙa ƙofa sai dai bangon ya faɗi ya bar ta tsaye. Amma haka Allah ya yi shi, hannunsa na riga kunnensa isa wurin magana. Ba a taɓa ganin ya saurari zance har ƙarshe ba.

'Ya'yansa biyu. Babban namiji ne, Gajere yake kiransa tun yana rarrafe. Da ya zama saurayi sai ya kamu da son wayoyi da ƙananan akwatuna masu ƙara. Wata rana ya yanki wayar tagulla a shago ya yi eriya da ita. Guduma ya tuɓe masa riga, ya naɗe kebur ɗin walda a hannu, ya yi ta zabga masa har bayansa ya tsage, uwar na riƙe da ƙafarsa tana kururuwa. Da raunin ya warke Gajere ya bar gidan. Ya yi karatu a wani gari, ya ƙetare teku, ya yi aure can. Ko da uwar ta rasu, ƙanwarsa Auta kaɗai ya kira. In Guduma ya fizgi wayar ya ce, "Kai!" sai layin ya mutu.

Tsufa ya zo ya same shi da wannan ƙullin a ƙirji. Yana kewar ɗansa ƙwarai, amma da ya faɗa gara a yanke masa harshe.

Auta ce ta kawo labarin, ranar da ta dawo daga asibitin da take aikin jinya. Ta ce Yaya ya kafa rediyo a gidansa, ba irin wanda ake saurare kawai ba, irin wanda ake magana a ciki a ji ka a wata duniya. Masu wannan sha'awa suna da gasa kowace shekara: wanda ya fi gaisawa da tashoshi da yawa shi ya ci. "Ranar nan, Baba, ko wa ya kira shi sai ya amsa, don kowane kira maki ne. In sabon shiga ne ma makin ya fi yawa, rububinsu ake yi."

Guduma ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ko wa?"

"Ko wa."

Mutumin da bai taɓa zama ya karanta takardar magani ba, sai ga shi da tabarau yana haddar dokokin lasisin rediyo. Ya faɗi jarrabawa, ya naushi bango har ɗan yatsa ya goce, ya koma ya ci. Ya haɗa wani dogon ƙarfen eriya a tsakar gida wanda ya fi kowane rufi a layin tsawo. Ya sayi rediyo, ya ƙara da na'urar ƙara ƙarfi mai nauyi kamar injin niƙa.

Ana gobe gasa, ƙungiyar masu rediyon garin ta tara sababbin shiga a ɗakinta, saman shagon mai faci. Rediyon ƙungiya na kan tebur a bakin taga. Sakatare ne ke bayani, wani siririn dattijo da ya yi ritaya daga gyaran wayar tarho, mai magana sannu-sannu kamar yana tsinto kalmomin daga ƙasa.

"Dokokin sabon shiga uku ne," in ji shi. "Ta farko, ba a haɗa na'urar ƙara ƙarfi. Da ƙarfin rediyonka kaɗai za ka fita."

"Na riga na saya," in ji Guduma.

"Sai ka ajiye wa baɗi, ranka ya daɗe. In ka haɗa, za a soke ka, a soke makin duk wanda ya amsa maka. Ta biyu, ba a hira. Ka faɗi lambar kiranka, ka faɗi yadda kake jin mutum, ka faɗi lambar jeri. In ka tsaya surutu kafin ka ba da waɗannan, wucewa zai yi ya bar ka."

Jijiyar wuyan Guduma ta fara tashi. A bayansa akwai Direba, mutumin da bakinsa bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Ya yi dariya ya ce, "Ka ji ko, Baba Guduma? Gasa ce, ba ofishin cigiyar 'ya'yan da aka kora ba."

Kafin ya rufe baki kujera ta sauka a kansa. Guduma ya shaƙe shi, ya haɗa fuskarsa da bango, jini ya yi tsartuwa a kan taswirar da ke manne. Mutane suka yi caa a kansa, ya watsar da su. Sakatare, bawan Allah, ya shiga tsakani da hannu a sama yana cewa, "Saura ɗaya, saura doka ɗaya," sai gwiwar hannu ta same shi a baki, haƙora biyu suka zubo a kan tebur. Direba ya rarumi rediyon ƙungiya ya kare fuskarsa da shi. Guduma ya fizge akwatin ya wurga ta taga, aka ji ya tarwatse a kan tayoyin mai faci. Ya sauka daga benen yana huci, ba wanda ya yi gigin tare shi.

Abin mamaki, dokoki biyun da ya ji ya riƙe su gam. Da kansa ya cire na'urar ƙara ƙarfin ya tura ƙarƙashin gado. Ya kuma tsara dabararsa: kiran farko zai ba da lambobi yadda doka ta ce, don kada yaron ya yi asarar maki. A kira na biyu sai ya yi maganarsa.

Washegari da hantsi ya zauna a gaban rediyo, Auta na tsaye a bakin ƙofa. Ya yi ta murɗa maɓalli cikin shuu da ƙugi har ya kai zangon mita ashirin. Can sai ga muryar. Ta yi kauri, ta yi sauri, tana zuba lambobi da harshen can, amma muryar ɗa ba ta ɓace wa uba. 

Tashoshi masu ƙarfi sun yi wa Gajere dandazo, kowa na ihun lambarsa. Guduma ya kira, aka danne shi. Ya sake, aka danne shi. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga, murya ta dushe. Sai wajen la'asar aka sami wata 'yar kafa, ya ji an maimaita lambarsa daga ƙetaren teku.

"Ina jin ka sarai," in ji Gajere, ya faɗi lambar jeri.

Guduma ya karanto nasa tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. "Na gode. Na gaba," in ji muryar.

"Ya amsa, Baba!" Auta ta toshe baki tana kuka.

Guduma ya share fuska, ya gyara zama, ya sake kira. Da ƙyar ya kuma kutsawa.

"Mun riga mun yi da kai. Na gaba."

Ya sake. "Mun riga mun yi. Don Allah ka ba wasu wuri."

Guduma ya miƙe tsaye, ya danne makirfo ya kwarara ihu, "Gajere! Ni ne! Ubanka ne!"  Ko ya ji, ko wata tasha ce ta bi ta kan maganar, Allah kaɗai ya sani. Sai muryar ta dawo, ta kira lambar wani.

Naushin farko ya fasa gilashin rediyon. Na biyu ya lotsa murfin. Ya finciko shi daga wayoyinsa ya yi ta maka shi da ƙasa, ya bi da diddige, Auta na rataye a kafaɗarsa tana, "Baba, bari! Baba!" Bai tsaya ba sai da ɗakin ya yi tsit, hannunsa na ɗigar da jini a kan siminti.

Tana cikin cire masa gilashi daga tafin hannu aka yi sallama. Sakatare ne, leɓe a kumbure, an ɗinke shi da baƙin zare. Shi irin mutanen nan ne da ba sa iya barin bayani a rabi, ko an kashe su.

"Ba faɗa na zo ba," ya ce, maganar na fita da iska ta gurbin haƙoran. "Doka ta uku na kawo maka. Tasha ɗaya, sau ɗaya ake kiranta a zango ɗaya. In ka maimaita, mai tashar ba zai saurare ka ba. Amma in rana ta yi sanyi duk suna komawa mita arba'in, can kuma sabon kira ne, dole ya amsa. Ka ba shi lambobin, kafin ya ce na gaba ka sa maganarka a gindinsu. Yanzu ma lokacin ya yi."

Sai a sannan idonsa ya sauka a kan tarkacen da ke ƙasa.

Guduma ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa murya ta fito ƙasa-ƙasa. "Malam, ka ara mini naka."

"Ni ban taɓa mallakar nawa ba," in ji Sakatare. "Da na ƙungiya nake yi."