Kawu Bai Taɓa Neman Randebu Ba

Jiya wani abokin karatuna ya ce gidana ya zama tasha, sai na tuna da marigayi kawuna.

Da na dawo daga Faransa na kafa doka a gidana da ke unguwar Zongo: mai son ganina ya fara bugo waya ya nemi randebu, wato a sa masa lokacin zuwa. Washegari kawu ya taso daga garin Godomey cikin ruwan sama, rigarsa sharkaf, tana ƙamshin turare da hayaƙin babur. Ya zauna a kujerata ya ce, "Ɗana, ranar ɗaukar gawarka ma sai mun bugo?"

Tun ranar ƙofata a buɗe take, kuma ba wanda ya isa ya sa in rufe. Allah ya sa kawu ya tarar da ta Aljanna haka.