Ƙafar Hagu ta Remok ɗin Baba Salmanu

Ina neman afuwar manya da na yi karambanin rubutu a wannan shafi na ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Lyon. Na san malamai da iyaye ne ke rubuta ta'aziyya a nan, ni kuwa shekarata goma sha shida, ina lise, wato sakandare. Amma akwai maganar da na kasa fitarwa da baki, wataƙila idan an karanta ta a rubuce za ta samu shiga.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 8 ga Afrilu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Salmanu, mutumin Damagaram, maƙwabcinmu a Villeurbanne, bayan ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa. Shekararsa hamsin da biyu. Ya bar matarsa, Inna Raliatou, da 'yarsu Raihana mai shekara bakwai.

Baba Salmanu, babu jini tsakaninmu, bango ne kawai ya raba gidanku da namu. Duk da haka babu yaron benenmu da bai ci arzikin 'yar remok ɗinka ba, wannan ƙaramar akwati mai ƙafa biyu da kake ɗaurawa a bayan mota, wadda idan an buɗe ta sai ta zama tanti. Kowace bazara kakan cika mota da yaran da iyayensu ba su da hutu, ka kai mu bakin kogi a Ardèche. A can na fara kwana a waje, a can na fara ganin taurari ba tare da fitilun titi ba. Kana dafa mana shayi kana cewa, "Wannan ai wasa ne, ku zo Damagaram ku ga sama ta gaskiya."

Hanyar kuwa ba ta ƙarewa, domin duk bayan awa ɗaya sai ka tsaya. Yara na ƙorafi, kai ko a jikinka. Ka zagaya baya, ka tsuguna, ka ɗora bayan hannunka a cibiyar kowace ƙafa kamar uwa tana duba zazzaɓi. Ni kaɗai na taɓa tambayar dalili. Ka ce a cikin cibiyar nan akwai rulma, wanda 'yan Najeriya ke ce wa boris, zoben ƙananan ƙarafa da ƙafar ke juyawa a kai. Ka ce ƙafar remok ƙarama ce, tana juyi fiye da ta mota, idan giris ya ƙare sai ƙarfe ya ci ƙarfe, ya yi zafi, ƙafar ta cije ko ta fice gaba ɗaya ana cikin gudu. Daga ranar ka sa mini suna Shef, wato shugabar aiki, kuma shekara huɗu ba ka buɗe ƙafar nan ba sai ka buga mana ƙofa: "A ba ni aron Shef."

Kai ka koya mini ɗaga remok da jak, in kama taya sama da ƙasa in girgiza, in juya ta in saurara. Ka koya mini wanke rulma tas, in zuba giris a tafin hannu in riƙa danna shi har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ka koya mini ɗaure babban noti sannan in sassauta shi kaɗan, in soka sabon fil mai ƙafa biyu wanda ke hana notin kwancewa, in lanƙwasa ƙafafunsa. Ba ka taɓa yi mini tsawa ba, ko ranar da na yar da rulma cikin yashi. Dariya ka yi, ka ce, "To Shef, yau mun samu aikin wanki biyu."

Yanzu ga maganar da ta hana ni sukuni.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarka, mun buɗe ƙafafun biyu a garaji, domin remok ɗin ta kwashe watannin sanyi a tsaye. Ta dama lafiya lau, muka gama ta. Ta hagu kuwa ruwa ya shige ta, tsatsa ta ci rulman har yana kaushi a yatsa. Kantuna a rufe, maƙwabci kuma na son fitar da motarsa. Sai ka mayar da tsohon rulman a bushe, babu giris, ka murza notin da yatsu kawai, babu fil, don mu iya tura ta gefe. Ka yi odar sabo ta waya, ka ce, "Asabar mai zuwa mu ƙarasa."

Baba, ka yafe mini, amma ina jin haushinka. Don me ka mayar da murfin cibiyar, har ka goge shi da tsumma? Da ka bar ta a buɗe, da kowa ya gani da idonsa. Tsabtarka ce ta ɓoye aikin da ba ka gama ba. Sabon rulman ya iso ranar Alhamis, kana kwana biyu da barinmu. Yana nan a kwalinsa a kan firijin Inna, ba a ko yage shi ba.

Yayanka, Alhaji Ilya, ya zo daga Aubervilliers, kusa da Paris, ya tsaya a kan komai, Allah ya saka masa. Ya yanke cewa ranar Asabar, 19 ga wata, zai ja remok ɗin zuwa Paris ya ajiye ta a wurinsa har a yi rabon gado. Raihana za ta bi shi ta yi hutu da 'ya'yansa. Fiye da kilomita ɗari huɗu da hamsin a kan otorut, babbar hanyar gudu.

Na gaya wa mahaifina, ya ce in bari a share makoki tukuna. Na gaya wa Inna Raliatou, ta yarda da ni nan take, amma tana takaba, ba ta fita, mabuɗin garajin kuma yana aljihun Alhaji. Ta yi masa magana, ya sauka ya duba, ni ina biye da shi. Ya daki tayar da ƙafa, ya ce mini, "Iska ta yi daidai. Salmanu ne fa, ɗiyata. Kin taɓa ganin ya bar aiki rabi?" Na ce a ba ni awa ɗaya kawai in buɗe. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Wannan yanzu dukiyar marainiya ce. Ko noti ɗaya ba mai kwancewa sai an yi rabo. Ke dai je ki yi masa addu'a."

Na ce "To, Alhaji," na hau sama. Wannan "to" ɗin ita ce ta fi ba ni haushi, fiye da komai.

Na san Alhaji tsoron Allah ne ya sa shi faɗin haka, kuma ban isa in koya wa manya hukuncin gado ba. Abin da na kasa fahimta shi ne a hana taɓa notin saboda marainiya, sannan a ɗauki marainiyar a sa ta cikin motar da za ta ja wannan notin. Ban ce a yarda da maganata ba. A ɗaga ƙafar hagu da jak, a fige murfin, a duba ko akwai fil. Minti biyar ne. Idan ba a so hannuna ya taɓa, a kira kowane makanike, ni in tsaya nesa. Idan an samu fil a ciki, zan nemi gafarar Alhaji a gaban kowa.

Allah ya jiƙanka, Baba Salmanu, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa alherin da ka yi wa 'ya'yan mutane ya tarbe ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Raliatou da Raihana, da Alhaji Ilya da iyalinsa, da dangi na Damagaram. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari.

Yau Litinin. Idan har zuwa Alhamis murfin nan yana rufe, ina roƙon mai kula da wannan shafi ya ba ni izini in sake rubutowa.

Nuriyya, Villeurbanne