Na'urar da Ba Ta Amsa Sallama ba a Lambun Phoebe

A shekarar 2023 ne na'urar buga takarda ta shiga lambun Phoebe Yabo da ke bayan garin Malumfashi. Aka ɗora ta a kan benci cikin rumfa, aka haɗa ta da batirin sola. Kafin wannan shekara, duk manomin da ke son dashe sai ya zo da ƙafarsa, ko ya kira ta a waya ta ji muryarsa, ta tambaye shi ko ya gama gyaran gonarsa, sannan ta sa a cire masa.

An haifi Phoebe, wadda manoma ke kira Maman Atu, a Dayi. Mahaifinta manomin rani ne, kuma a hannunsa ta koyi renon iri tun tana yarinya, daga tankaɗe taki har zuwa rufe fangali, wato kwamin da ake zuba iri, da ciyawa kafin iri ya tsiro. Da aure ya kawo ta Malumfashi, sai ta mayar da abin sana'a. Tana renon tumatir da tattasai, amma da attaruhu aka fi sanin ta. Fiye da shekara ashirin ba a taɓa jin ta yi wa manomi alkawarin dashe ya zo bai samu ba, kuma da wannan take tinƙaho. An kuma san ta da faɗa, irin faɗan da ba a katse shi sai ya kai ƙarshensa.

Ƙanenta Mark, wanda ke aikin akawu a wani kamfanin auduga a Funtua, shi ne ya kawo shawarar. Ya samo wata manhaja ta waya wadda mutum ke tsara wa kansa ba tare da ya koyi aikin kwamfuta ba. Ya tsara ta yadda manomi zai zaɓi irin dashen da yake so da yawan ɗaurin, ya danna, nan take odar ta fito a takarda cikin rumfar lambu.

"Yaya, wayarki ba ta hutawa, ke ma ba kya hutawa," in ji shi. "Ki bar na'ura ta riƙa karɓa miki."

"Na'urar ta san manomi?"

"Ba sai ta san shi ba."

Ta yarda, domin gwiwoyinta sun fara damun ta. Makonnin farko komai ya tafi daidai. Sau ɗaya Mairo, babbar ma'aikaciyarta, ta ga takardu biyu da suna ɗaya, ta dakata har Phoebe ta dawo daga kasuwa. Ashe manomin ya yi wa maƙwabcinsa oda ne da wayarsa, kamar yadda aka saba a ƙauyuka, kuma mai babur da aka aiko ɗaukar dashen ya koma hannu wofi. Phoebe ta yi wa Mairo faɗa a gaban sauran mata. Ta ce daga ranar, abin da takarda ta ce shi za a yi, ba a ɗauki kowa aikin tunani ba.

A watan Nuwamba, lokacin da dashen attaruhu ya isa cirewa, Phoebe ta tafi taron zumuntar mata a Funtua. A wurin taron ana kashe waya. Da ta dawo, ko gida ba ta shiga ba, ta wuce lambu. Ta tarar da fangalan attaruhu an ƙwaƙule su, sai ƙasa. A cikin rumfa ga dashe nan jibge, ɗauri a kan ɗauri, an lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, ganyen ya fara langaɓewa. Na'urar kuwa ta zubo doguwar takarda har ƙasa.

"Mairo, wa ya ce ki cire mini lambu?"

Mairo ta miƙa mata takardun. "Mama, na ga suna ɗaya yana ta maimaituwa, raina bai kwanta ba. Na kira ki, waya a kashe. Ke kika ce abin da takarda ta ce."

Dashen da aka cire ba ya jiran kowa. Attaruhu kuma yana daɗewa a fangali kafin ya isa, ko da ta sake zuba iri a ranar, lokacin dasawa zai wuce. Cikin abin da aka cire har da rabon manoman da ta yi wa alkawari baki da baki, waɗanda ba su gama girbin masara ba balle su gyara wurin dasawa.

Sunan da ya fi yawa a takardun shi ne na Malam Haladu, wani dattijon manomi daga wani ƙauye a kan hanyar Musawa. Tana tsaye sai ga shi a kan babur, ya zo ɗaukar nasa. Ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

"Malam Haladu, gonar taka ta koma ta gwamnati ce? Ina za ka kai wannan duka?"

"Maman Atu, ni ɗauri goma na nema."

"To me ya sa ka yi ta aikowa kamar mai kiran kasuwa?"

Ya sauka daga babur a hankali. Ya ce a ƙauyensu ba a samun sabis sai an hau kan dutse. Ya hau, ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Da la'asar ya koma, washegari ma haka. Ya gaya wa maƙwabta cewa abin ba ya ji da sau ɗaya, su ma suka yi yadda ya yi.

"Idan na yi sallama a ƙofar gidanki ba a amsa ba, juyawa zan yi in tafi?" in ji shi. "Ai sai in sake. Da can idan na kira ki, kina cewa kin ji. Wannan abin naku bai taɓa ce mini komai ba."

Nan fushinta ya juya kan Mark. Ta kira shi a gaban kowa. Mark ya duba, ya ce manhajar ta ajiye kowace dannawa, da sabis ya samu sai ta aika su gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa laifin masu dannawa ne, ba na manhaja ba.

"Kada ka sake faɗin haka," in ji ta. "A Dayi aka haife ka, ba a ofis ba. Ka san mutanenmu ba sa barin ƙofa sai an amsa musu. Ka gina mini ƙofa marar mai amsawa, ka koma ƙarƙashin fanka, yanzu kana gaya mini dattijon da ya hau dutse shi ne mai laifi? Ka taɓa gwada abin nan a inda babu sabis?"

Ta kashe wayar.

Ita da matan suka mayar da abin da za su iya cikin ƙasa. Kaɗan ne ya tashi. Sauran ta rarraba wa duk mai gona a shirye, ragowar ya bushe a rumfa. Daga nan ta hau babur, duk da ciwon gwiwa, ta bi waɗanda ta yi wa alkawari gida gida, domin ta ce ba za ta bar waya ta isar da wannan saƙo ba. Wani a Dayi ya dube ta ya ce, "Ke ma, Maman Atu?" Wannan kalma ta fi yi mata zafi a kan asarar dashen. Ta bai wa Mairo haƙuri a gaban matan da aka yi mata faɗa a gabansu, a taƙaice, fuska a ɗaure.

A yau na'urar tana nan a rumfa, tana aiki. Mark ya gyara manhajar, tana amsa wa manomi cewa saƙonsa ya shiga, ko da babu sabis tana gaya masa ya jira. Duk da haka ba a cire ko ɗauri ɗaya sai Phoebe ko Mairo ta kira mai odar ta ji muryarsa. Malam Haladu yana saye a wurinta har yanzu. Da yawa daga cikin manoman da ta saɓa wa alkawari sun koma wani lambu a Funtua, ba su dawo ba. Tana gaisawa da Mark, amma ba ta barin sa ya taɓa na'urar idan ba tana tsaye a kansa ba.